Majigi a ajin Turanci: koyo yara suke yi ko kallo kawai suke sha?

Maman Nana: Assalamu alaikum malamai barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema. Ina koyar da Turanci a SS1 da SS2 a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati, tsofaffin ɗalibai sun kawo mana majigi guda ɗaya tun bara yana nan kulle a ofis cikin kwalinsa ko ledar ba a cire ba, shine satin da ya wuce nace bari dai in gwada. Kwana biyu nayi ina haɗa darasin reported speech, wato yadda ake ba da labarin maganar da wani ya faɗa, a PowerPoint, shafi 24, kala-kala, rubutu yana shigowa yana juyi, har da hoton wata mage na saka a gefe don ado. Ranar Talata na kunna, wallahi ajin da na sani da surutu kamar kasuwar Kurmi yayi tsit, har 'yan wasu azuzuwan suna leƙe ta taga, ni kuma sai wani daɗi ya kama ni nace shikenan na samo bakin zaren. Washegari na basu jimla biyar su juya, cikin yara 87 waɗanda suka ci uku basu kai goma ba. Ɗaya da na tsare ta sai cewa tayi "Malama ni dai magen nan na tuna." To ina kuskuren yake?

Kofa Ɗan Bauchi: Wa alaikumus salam Anti. Magen ce ta cinye darasin ai, hhhh

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 35 nayi da alli a hannu kuma abin da kika faɗa bai bani mamaki ba ko kaɗan. Sunan ma da kika kira shi ya isa amsa. Majigi muna yara mota ce take zuwa gari da magariba a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna mana yadda ake tsaftar rijiya da zuba taki da rigakafi, gari kaf ya fito. Da safe ka tambayi mutum me aka nuna sai ya baka labarin wanda ya faɗi a kan keke aka yi dariya. Shirun da yaranki suka yi shirun kallo ne. Kuma ajin harshe in yayi tsit ai ba abin murna bane, harshe da baki ake koyonsa.

Maman Nana: Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Amma kuna nufin in mayar da shi kwalinsa kenan?

Baba Mai Ritaya: In ta nine, eh. Allo baya neman fetur.

Malam Na Zariya: Ranka ya daɗe Baba rabin maganarku na ɗauka, rabin kuma ku yi mini afuwa. Ni malamai nake koyarwa a kwalejin ilimi kuma duk shekara in naje duba ɗalibanmu a tichin firaktis irin wannan nake gani. Malama ki faɗa mana tsakani da Allah, me ke rubuce a shafukan nan 24? Ba not ɗinki kika kwashe kika zuba ba?

Maman Nana: Shi ne kam Malam. Ma'ana, ƙa'idoji, jadawalin yadda tensis ke canzawa, sai misalai.

Malam Na Zariya: To kinga. Kuma kina tsaye kina karanta musu abin da ke jikin bango ko? Wannan shi ne abin da wani masanin ilimin halayyar koyo a Amurka, Richard Mayer, ya daɗe yana gwaje-gwaje a kai. Abin da ya nuna shi ne mutum ya fi fahimta in aka haɗa masa hoto da bayanin baki, amma in ka cika allon da rubutu kuma kana karanta wannan rubutun da ƙarfi to ka raba masa hankali biyu, ido na gudu a kan rubutu kunne na bin muryarka, ba wanda ya kama. Sannan duk wani adon da bai shafi darasi ba, irin magenki da rubutu mai juyi, rage koyo yake ba ƙarawa ba. Kar mu manta PowerPoint ɗin nan da ya fito a 1987 don 'yan ofis da 'yan kasuwa aka yi shi, mutum ɗaya yana magana saura suna zaune suna gyaɗa kai. In kika bi shi yadda ya zo haka zai mayar miki da aji, taron manajoji.

Abban Sadiq: Ni ba malami bane, iyaye ne mu, amma bari in sa baki. Makarantar kuɗin da yarana suke an ƙara mana kuɗi wai saboda kowane aji an saka talabijin na koyarwa. Yaron ya dawo littafinsa fayau ba not, in kace me aka yi yau sai yace an nuna mana. Da aƙalla ina buɗe littafi in ga abin da aka yi in tsare shi ya karanta, yanzu me zan tsare shi da shi? Ni dai ina bayan Baba.

Kofa Ɗan Bauchi: Abban Sadiq wannan laifin malamin ne ba na talabijin ba. Ni inda nake bautar ƙasa babu ma majigin, laftof ɗina nake ɗagawa sama ina zagaya layi-layi kamar mai tallan magani a mota, amma wallahi akwai abin da allo bazai taɓa yi min ba. Misali p da f. Kun san yaranmu, "fan" da "pan" duk ɗaya ne a bakinsu, "people" ya koma "fiful", saboda a Hausa sauti ɗaya ne muke da shi a wajen. Wata uku ina rubutawa a allo ba abin da ya canza. Sai na ɗauki bidiyon bakina da waya kusa-kusa, ɗaya haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ɗaya leɓɓa a rufe sannan su fashe, na saka a shafi ɗaya, hoton fanka a dama hoton kasko a hagu, ba rubutu ko ɗaya. In na nuna hoto su faɗa. Na sa kowa ya riƙe 'yar takarda a gaban baki, in p ce takardar zata motsa. Ajin ya kaure da dariya amma yanzu aƙalla kunnensu yana jin bambancin.

Baba Mai Ritaya: Dabarar takardar nan ai tamu ce yaro, tun a kwalejin horon malamai aka koya mana, da ashana ma muke yi. Ba kwamfuta ce ta kawo ta ba.

Kofa Ɗan Bauchi: Na yarda Baba, amma bakinku mutum nawa ne ke ganinsa daga bencin baya a ajin mutum 90?

Baba Mai Ritaya: To wannan kam ka kama ni. Mu lokacinmu aji baya wuce 35.

Mushe Na Maraɗi: Salamu alaikum, ina gaida malamai na Najeriya. Mu nan Nijar matsalar tamu ta ɗara taku, don yaro sai ya shiga kolej yake fara Ingilishi, kuma da Faransanci ake yi mishi bayani, wanda shi ma bai zauna mishi ba. Kenan kalma guda sai ta bi ta harshe ukku kafin ta iso. Abin da hoto ya yi mini shi ne ya yanke wannan doguwar hanya. In na nuna hoton rijiya na ce "well", ba ruwana da Faransanci, yaro ya gani ya sani. Amma ina da ja da maganar Malam na Zariya. Cewa kar a sa rubutu, ga wanda harshensa ne wataƙila haka ne. Yarana in ba su ga kalmar a rubuce ba ba su san inda ta fara da inda ta ƙare ba, Ingilishi kuwa kun san yadda ake rubuta shi daban yadda ake faɗi daban.

Malam Na Zariya: Mushe ka yi gaskiya kuma ba ja a nan, su kansu masu binciken sun ware masu koyon baƙon harshe, cewa rubutu a allo yana taimaka musu. Abin da nake ƙi shi ne sakin layi guda a manna a bango. Kalma ɗaya ko jimla ɗaya ƙatuwa, kuma ta fito bayan yara sun gwada faɗa da bakinsu ba kafin nan ba. Hoto ya fara zuwa, su yi ta kokawa da shi, sannan ka danna jimlar ta bayyana su gwada da tasu. Wannan shi ne kaɗai amfanin da na sani na wancan abin da ke sa rubutu ya ɓuya sai an danna, ba wai ya riƙa shigowa yana tsalle ba.

Anti Mai Adabi: Ni duk wannan ba shine damuwata ba, ku yi min maganar wuta. Ranar da masu duba makarantu suka zo na shirya darasina tsaf, minti biyar da farawa aka ɗauke, aka tura yaro ya kira maigadi ya tada inji, maigadi yace ba mai, aka koma neman wanda zai bada kuɗin mai, kafin a gama firiyod ɗin minti 40 ta tafi ina tsaye kamar gunki ga baƙi a bayan aji suna rubuce-rubuce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa zai tada miki janareta saboda darasin Turanci ɗaya? Daga ranar na rantse duk abin da zan nuna sai na zana shi a kwali ma na riƙe a jaka.

Kofa Ɗan Bauchi: Anti Allah ya baki haƙuri, wannan kam ba daɗi. Amma ga 'yan dabaru. Majigi irin na ofis mai ƙwai yana jan wuta sosai, wat ɗari biyu zuwa uku, ƙaramin sola baya ɗaukarsa da daɗewa, talabijin mai faɗi ta fi shi sauƙin wuta nesa ba kusa ba kuma ita ko da rana tsaka ana ganinta. Kar kuma a ruɗe ku da ƙananan majigin nan masu arha da ake talla a intanet, a ɗaki mai duhu ne kawai suke aiki, ajinmu kuwa da taga ba ƙyaure ba abin da za a gani sai inuwa. Na biyu in kin gama haɗawa ki ajiye kwafi ɗaya a PDF ki tura wayarki, don wani lokacin ki kai filashi wata kwamfutar ki ga rubutun duk ya wargaje, musamman in kin sa Hausa a ciki ƙ da ɗ da ɓ su koma akwati-akwati. Na uku ba sai da laftof ba, WPS a waya yana haɗa shafuka ba tare da data ba. Canva yana da kyau amma mai shan data ne, Prezi kuma mai zuƙowa yana komawa ni dai da na gwada yara cewa suka yi jiri yake sa su.

Maman Nana: Kofa Allah ya saka, wannan na akwati-akwatin ya faru dani wallahi na zata bairos ne.

Kofa Ɗan Bauchi: A'a salon rubutun ne bashi da haruffan, ki zaɓi irin su Arial ko Times New Roman. Sannan wanda yafi duka, in kina cikin nunawa a PowerPoint ki danna harafin B, allon zai yi baƙi ƙirin, idon yara dole ya dawo kanki. Ki sake dannawa ya dawo. W kuma fari yake yi.

Baba Mai Ritaya: Wato babbar dabarar na'urar ita ce a kashe ta. Madalla, mun dawo gida.

Anti Mai Adabi: Hhhh Baba ba ku da dama

Abban Sadiq: Har yanzu ba wanda ya amsa min. Yaran nan WAEC da NECO zasu rubuta, da biro da takarda. Insha'i ne da comprehension da summary, ba hoton fanka za a nuna musu ba. Ko shi test of orals ɗin da ake cewa na furuci ne ai a takarda ake zaɓar A B C D, ba wanda ke buɗe baki. To in an ɓata lokaci ana kallon hoto yaushe zasu iya rubutu?

Malam Na Zariya: Alhaji tambayarka tana kan hanya. Amma ka dubi summary ɗin da ka ambata, wanda shi ne yake kayar da yara da yawa. Yadda ake koyar da shi yanzu malami zai cinye rabin firiyod yana kwafe dogon nassi a allo saboda yara basu da littafi, ya juya baya aji na ta hayaniya, kafin ya gama an kaɗa ƙararrawa. In nassin yana kan majigi daga minti na farko an fara aiki. Ka sa sakin layi ɗaya, ka kira yarinya ta zo ta nuna jimlar da ke ɗauke da babbar magana, aji su yi gardama, sannan ka danna misalai da ƙarin bayani su dusashe a bar ƙashin bayan kawai, yaro ya gani da idonsa abin da ake nufi da taƙaitawa. Haka gyaran insha'i, ka ɗauki hoton rubutun wani ɗalibi ka rufe sunansa ka haska, kowa ya nemo kuskure. Nan ne zaka ga "borrow me your biro" da "I am hearing smell" da "he is drinking cigarette", duk Hausa ce aka sa mata rigar Turanci, ara mini, ina jin wari, yana shan taba. In suka gani a bango suka gano da kansu daga ina abin ya fito sun fi riƙewa fiye da jan biron da kake zuba musu a littafi wanda ba mai dubawa. Amma maganar not kana da gaskiya ɗari bisa ɗari, dole minti goma na ƙarshe a rufe na'ura kowa ya rubuta da hannunsa. Ka je makarantar ka faɗa musu haka, kuɗinka ne.

Abban Sadiq: To wannan na gane. Zan je kuwa in sha Allah ranar taron iyaye.

Anti Mai Adabi: Malam kar dai a haska rubutun yaro ba a tambaye shi ba, ko an rufe suna 'yan aji sun san hannun junansu sarai, barin ma 'yan mata, sai a mayar da ita abin tsokana har ƙarshen zango. Ni na ajin bara nake ɗauka ko in sake rubutawa da hannuna.

Malam Na Zariya: Wannan gyara ne mai kyau Malama, na karɓa.

Mushe Na Maraɗi: Wani abu kuma, hotunan da kuke ɗaukowa a intanet. Na taɓa sa hoton wani gida na Turai da dusar ƙanƙara don in koyar da in, on, under, sai darasin ya koma tambayar mine ne wannan farin abu, ba sa jin sanyi, ina katangar gidan. Tun sannan da salulata nike ɗaukar hoto, akuya bisa katanga, yaro ƙarƙashin amalanke, tulu cikin zaure. Abin da suka sani ne, sabon abu guda ɗai ya rage musu shi ne kalmar.

Baba Mai Ritaya: Mushe wannan ita ce magana. Mu da muke karanta littattafan da aka kawo daga Ingila haka muka sha wahalar haddace abubuwan da bamu taɓa gani ba. In dai akuyar unguwa za a nuna to na sassauta.

Maman Nana: Salam malamai, na dawo da rahoto kamar yadda nayi alkawari a raina. Jiya Alhamis na sake darasin nan dai na reported speech, shafi shida kacal. Ranar Asabar da naje cefane na roƙi mai kayan miyan da nake saye a wajensa na ɗauki hoton teburinsa da hannunsa yana miƙo leda, sai na mai adaidaita daga baya, sai na wata tsohuwar motar haya da aka lafta wa buhuna. Kowane hoto na sa masa magana ɗaya a da'ira kamar ta katun. Na mai kayan miya "I have no change." Nace to ƙawarki bata ji ba, faɗa mata me yace. Aka yi shiru, sai wata daga baya wadda tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba tace "He say he no get change", aji ya fashe, nace madalla ma'anar ta fito saura mu sa mata kayan makaranta. Aka yi ta ja, wasu "has" wasu "had", na danna B na barsu su biyu-biyu suna gardama wajen minti huɗu, hayaniya har malamin lissafi na maƙwabta ya leƙo yaga ko lafiya. Sannan na buɗe amsar. Muna shafi na huɗu aka ɗauke wuta, na ƙarasa sauran biyun a allo da alli, kuma gaskiya ban ji wani abu ya ragu ba tunda sun riga sun hau. Yau na basu jimla biyar, waɗanda suka ci uku zuwa sama 41. Tambayoyi ne har yanzu suke basu wuya, "she asked me where was I going" suke ta rubutawa.

Kofa Ɗan Bauchi: Ma sha Allah Anti! Ina magen?

Maman Nana: Na sallame ta, hhh

Baba Mai Ritaya: Barka 'yata. Amma ki lura da abu ɗaya, karo na biyu kenan da suka ji darasin, ko da gawayi kika rubuta a bango dole su fi na farko. Kar ki ba na'ura ladan da ba nata ba. Ki gwada da sabon darasi a SS1, aji ɗaya da majigi aji ɗaya ki zana hotunan a kwali, ki zo ki faɗa mana.

Malam Na Zariya: Baba ya fi ni zama ɗan bincike yau. Ki yi hakan Malama, kuma jarrabawar ki bari sai bayan sati biyu ba washegari ba. Na tambayoyin kuma ki gwada yanka jimlar gida-gida a shafi ɗaya, "where", "was", "I", ki matsar da "was" ɗin a gabansu ya tsallake ya koma bayan "I", su ga tafiyarsa.

Maman Nana: In sha Allah zan yi. Sai dai wata sabuwa ta taso, tunda aka ga ya yi aiki yanzu malamin bayoloji da na jogirafi duk sun ce suna so, majigi ɗaya wayar HDMI ɗaya kuma tawa ce na saya da kuɗina, makullin ofis ɗin kuma yana hannun mutum ɗaya da baya zuwa sai tara ta wuce, ni kuwa firiyod ɗina na SS1 ƙarfe takwas ne.

Anti Mai Adabi: Ki riƙe wayarki a jaka, duk mai so ya zo ku yi musayar firiyod.